Gwaji ya ce gishirin jinin Hajiya daidai yake, to don me za ta rage gishiri?

Wata 'yar'uwa ta rubuto mana game da mahaifiyarta. Ga abin da ta ce a taƙaice:

"Hajiyarmu shekarunta 64, tana da hawan jini. Wata biyu da suka wuce likita ya ɗora ta a kan amlodipine da hydrochlorothiazide, ya ce a rage mata gishiri. A takardar gwajin ranar, sodiyam ɗinta 138 ne, aka ce lafiya lau. Tun daga nan ta kafe, wai tunda gishirin jininta daidai yake ba za ta ci abinci lami ba. Wata ƙawarta kuma ta ce ta ci abinta, ta dai riƙa shan ruwa da yawa, yana wanke gishirin. Yanzu fiya wata leda goma take sha a rana, da ƙishi ko babu. Awonta bai sauka daga 158/96 ba. Kwana huɗu ke nan tana kukan ciwon kai da tashin zuciya, jiya kuma ta tambaye ni abu ɗaya har sau uku. Ni ce mai girkin gidan, mu shida ne manya. Yaya zan yi?"

'Yar'uwa, Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi da ita. Za mu fara da abin da ba ya jira, bayani ya biyo baya.

A kai Hajiya asibiti yau, a sake auna sodiyam ɗin jininta. A takardar gwaji ana rubuta shi E/U/Cr, kuma sakamakonsa kan fito a yini ɗaya. Ki tafi da kwalayen magungunanta duka, ki kuma faɗa wa likita da bakinki cewa leda goma take sha, wato lita 5, don Hajiya ba za ta ga wannan abin faɗa ba ne. Wancan 138 ɗin na wata biyu da suka wuce ne, kafin ta fara maganin, kafin ta fara ɗirkar ruwa. Hydrochlorothiazide, wanda ake kira maganin fitsari, yana sa ƙoda ta zubar da sodiyam, sannan yana rage mata ikon fitar da tsabar ruwa. Idan aka haɗa shi da lita 5 a jikin mace mai shekaru, jini kan tsinke, sodiyam ya faɗi ƙasa da 135, wani lokaci ya gangara ƙasa da 125. Ruwa kuwa inda gishiri ya fi yawa yake bi, sai ya riƙa shiga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna kumbura, ga shi ƙoƙon kai ba ya buɗewa. Ciwon kai, tashin zuciya, mantuwa da tangaɗi su ne alamun farko. Ba mu ce lalle shi ne ba, domin hawan jinin kansa ko zazzaɓi na iya kawo irin wannan, amma ruwa ba ya tsami banza, kuma gwajin ne kaɗai zai raba gardama.

Kafin ku isa, ta daina shan ruwan dole, ta sha sai in ta ji ƙishi. Kada ki jiƙa mata gishiri da sunan gyara. Sodiyam da ya yi kwanaki yana ƙasa a hankali ake ɗaga shi, likitoci ba sa yarda ya hau fiye da 8 zuwa 10 cikin awa 24, saboda ɗagawar gaggawa na lalata wani sashe na ƙwaƙwalwa. Ki tambayi likita ko za a dakatar da maganin fitsarin har sakamako ya fito, amlodipine kuwa ta ci gaba da shi. In ta fara amai ba ƙaƙƙautawa, ko barci mai nauyin da ba ta tashi sosai, ko jijjiga, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, to ɗakin gaggawa za a nufa ko da tsakar dare ne.

To, mu koma ga hujjar Hajiya. Hujja ce mai kama hankali, ba ita kaɗai ke kawo ta ba. Sai dai gwajin nan ba ya auna yawan gishirin da ke jiki, kaurinsa yake aunawa, wato gishiri nawa ne a cikin kowace litar ruwan jini. Ke mai girki kin fi kowa sani: in gishiri ya zarce a miya kika ƙara ruwa, ɗanɗano ya daidaita, amma gishirin yana nan, tukunyar ce ta cika. Mai cin gishiri cokali uku a rana da mai cin cokali ɗaya, duk za ka iya samunsu a 138. Lambar ba ta motsi sosai saboda akwai mai gadinta, kuma mai gadin a cikin ƙwaƙwalwa yake.

Ƙwaƙwalwa tana da shinge tsakaninta da jini, ba kowane abu ke ƙetarawa ba. Amma akwai 'yan wurare ƙanana da aka bar su ba shinge, kamar taga a jikin katanga. Biyu daga ciki suna can tsakiyar kai, a bangon gaba na wani kogon ruwa da ke cikin ƙwaƙwalwa, masana na kiransu OVLT da SFO. Aikinsu ɗanɗana jini dare da rana, kamar mai girkin da ba ta ajiye ludayi. Kaurin jini ya ƙaru da kashi 1 ko 2 cikin 100 kacal, sun ji. An daɗe da fara gano wannan. A 1947 Verney, wani masani a Kambirij ta Ingila, ya nuna cewa in aka tura ruwan gishiri ta jijiyar wuyan kare wadda ke kai jini ka, nan take fitsarinsa ke raguwa. A farkon shekarun 1950 Bengt Andersson a Suwidin ya ɗiga ɗan ruwan gishiri a wannan yanki na ƙwaƙwalwar awaki, sai ga akuyar da ta ƙoshi da ruwa ta kafa kai a bokiti tana sha kamar ta kwana a sahara.

Da zarar mai gadin nan ya ji gishiri ya hau, umarni uku yake bayarwa. Na farko ƙishirwa, shi ya sa bayan tsire ko kilishi mutum ke neman randa. Na biyu, yana sa wata 'yar jaka da ke rataye a ƙasan ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin basofiresin, wanda ke gaya wa ƙoda ta riƙe ruwa, sai fitsari ya ragu ya yi duhu. Waɗannan biyun su ne ƙara ruwa a miya. Ga lissafinsa: ledar ƙarin ruwa ta asibiti, wadda aka haɗa ta kusan daidai da kaurin jini, giram 9 na gishiri ne a lita ɗaya. Ke nan duk rarar gishiri giram 8 zuwa 9 da ta zauna a jiki, sai ta riƙe ruwa kusan lita guda. Ruwan ƙawar Hajiya ba wanke gishirin yake ba, shi ne ma abin da gishirin ke nema don ya zauna daram.

Umarni na uku shi ne wanda mutane ba su sani ba, kuma shi ya fi shafar awon Hajiya. Akwai wasu jijiyoyin saƙo da za mu kira na ko-ta-kwana, waɗanda ke sa gaban mutum faɗuwa in ya firgita, zuciya ta yi sauri, hanyoyin jini su tsuke. Ba sai an firgita suke aiki ba, kullum suna riƙe da hanyoyin jini a ɗan matse, kuma ƙwaƙwalwa ce ke ƙara matsin ko ta sassauta. Saƙo kan tashi daga OVLT ya je wata cibiya kusa da shi mai suna PVN, daga nan ya gangara ƙeya inda ƙwaƙwalwa ta haɗu da laka, sannan ya bi laka ya watsu zuwa zuciya, hanyoyin jini da ƙoda. Ki ɗauki tiyon ban ruwa: an ƙara buɗe famfo, sannan wani ya matse bakin tiyon da yatsa. Ƙarin ruwa ga matsi, shi ne 158/96.

Wani rukunin masana a Okazaki ta ƙasar Japan, ƙarƙashin Farfesa Masaharu Noda, sun shafe kusan shekara ashirin suna bin diddigin abin da ke yin ɗanɗanon. Sun gano aikin wata 'yar ƙofa mai suna Nax a jikin ƙwayoyin da ke kewaye da jijiyoyin OVLT da SFO, wadda ke buɗewa in sodiyam ya hau. A 2000 sun nuna cewa ɓerayen da aka cire wa wannan ƙofa ba sa daina shan ruwan gishiri ko da jikinsu ya bushe, alhali lafiyayyen ɓera a wannan hali gudun gishiri yake. A 2019 kuma suka wallafa a mujallar Neuron yadda saƙon ke tafiya: ƙofar ta buɗe, sodiyam ya shiga, ƙwayar ta ƙona sukari da sauri ta fitar da wani tsami, tsamin ya tada jijiyar da ke maƙwabtaka da ita, jijiyar ta aika wa PVN. Ɓeraye na yau da kullum da aka ɗura wa gishiri jininsu ya hau, marasa Nax kuwa sodiyam ɗinsu ya hau amma awonsu bai hau ba. A ɓera aka yi wannan, kuma har yanzu masana na ja-in-ja kan kason ƙwaƙwalwa da kason ƙoda a hawan jinin ɗan Adam. Amma a mutane ma an auna: in aka sa wa mutum ruwan gishiri mai kauri ta jijiya, aikin jijiyoyin ko-ta-kwana na ƙaruwa, awo na hawa. Kuma kwanon abinci ɗaya mai gishiri sosai kan ɗaga sodiyam da 2 ko 3 na 'yan awanni. Daga 138 zuwa 141, takardar asibiti za ta ce lafiya lau, ƙwaƙwalwa kuwa ta riga ta buga ƙararrawa.

Daga ƙarshe ƙoda ce ke fitar da rarar, amma tana ɗaukar kwanaki, kuma a jikin wasu ba ta sakin gishiri sai an matsa mata da awo mai yawa. Su ne ake cewa gishiri na kama su. Kusan rabin masu hawan jini haka suke, kuma abin ya fi yawa ga baƙar fata, ga tsofaffi, ga masu ciwon suga ko ciwon ƙoda. Hajiya ta shiga aƙalla biyu. Akwai kuma wasu na'urorin awo na halitta a jijiyar wuya da babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, da ya kamata su kai ƙara in jini ya hau. Suna kaiwa, amma in hawan ya daɗe sai su saba, su ɗauki 158 a matsayin daidai. Shi ya sa mai hawan jini ke cewa "ni fa garau nake ji".

Yanzu sai tukunyarki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato sodiyam miligiram 2,000, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, ba a tsiri ba. Matsakaicin abin da mutanen duniya ke ci ya haura ninki biyu na haka. Ku shida, giram 30 ke nan na gidan duka a yini. Ki ware giram 10 saboda burodi, yaji da abin da ake ci a waje. Saura 20, miyar rana 10, ta dare 10. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, ƙarami mai giram 4 yana ɗauke da kimanin giram 2. Tukunya ɗaya ke nan magi uku da gishirin da bai cika ƙaramin cokali ba. Gobe ki ƙirga nawa kike ɓarewa, ki kuma juye gishirin da kika saba ɗiba da yatsu a cokali ki gani. Yawanci a nan ake riƙe baki. In kin ɗauki kaya mai leda ko gwangwani, ki nemi inda aka rubuta sodiyam ki ninka sau biyu da rabi, shi ne gishirinsa. Ɗan ƙullin da ke cikin ledar indomi shi kaɗai kan cinye kaso mai tsoka na rabon yini.

Sai kanwa, wadda ba a cika lissafa ta ba saboda ba ta da ɗanɗanon gishiri irin wanda aka sani. Ana yi mata kallon wani abu daban, amma cike take da sodiyam, 'yar'uwar bakin foda ce. Mai gadin ƙwaƙwalwa sodiyam yake ji, bai damu da sunan da aka kira shi a kasuwa ba. A Zariya, a shekarun 1970, likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi nazarin matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta yawan abin da kunun kanwa da zafin jego. Don haka kunun kanwa ba na Hajiya ba ne. A miyar kuka, kuɓewa da ɗanwake ki rage ta iya yinki. Wake kuwa ki jiƙa shi tun dare, zai dahu ba sai da ita ba. Haka magungunan da ake jefawa a kofi su yi kumfa, na ciwon kai ko na ƙwannafi, sodiyam ne ke yin kumfar. Maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, da tsofaffi ke sha saboda gwiwa, suna sa ƙoda riƙe gishiri, suna kuma rage ƙarfin maganin hawan jini. In tana shan su, likita ya sani.

Kada ki yanke gishirin rana ɗaya, kuma kada ki yi wa Hajiya tukunya daban. Dattijuwar da aka ajiye wa kwano lami tana kallon 'ya'yanta na lasar yatsa, za ta aiki jika ya ɗebo mata gishiri a kicin, kuma ba mu ga laifinta ba. Ki rage wa gidan duka kashi ɗaya cikin huɗu, ki tsaya a nan mako biyu, ki sake ragewa, har ki iso lissafin da ke sama. Harshe na sabawa, cikin wata biyu zuwa uku abincin da ake ci a da sai ya koma yi wa mutum gishiri. Ki cike gurbin da albasa mai yawa da aka soya ta yi ja, tafarnuwa, citta, masoro, kimba, daddawar da ba a zuba wa gishiri ba, da matsin lemon tsami ko ɗan ruwan tsamiya a ƙarshe, don tsami na farkar da ɗanɗano. Yajin gida ki daka shi da kanki ba magi. Kwalbar gishiri kuma ta bar wurin cin abinci.

Me za a samu? Da aka tattara gwaje-gwaje da dama a 2013, an ga rage gishiri da kimanin giram 4 a rana na sauke lambar sama ta awon jini da kusan 5, ta ƙasa da kusan 3, ga masu hawan jini, kuma baƙar fata da tsofaffi kan samu fiye da haka. Ba zai maye gurbin magani ba, amma yana sa maganin ya ci. Haɗin da aka ba Hajiya ma ba a banza aka zaɓe shi ba. A binciken CREOLE na 2019, wanda Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida da mutum 728, haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke awo. Amma in gwaji ya nuna maganin fitsarin ya zubar mata da sodiyam, likita zai canza shi da wani, kuma a rubuta a katinta don kada a sake ba ta shi a wani asibitin. Ƙa'ida ce ma a sake auna sodiyam da fotasiyam, wani nau'in gishirin jini, 'yan makonni bayan fara irin wannan magani, musamman ga tsofaffi.

Wataƙila ki ji labarin gishirin masu hawan jini, wanda aka maye wani kasonsa da fotasiyam. Yana da tushe: a ƙasar Sin an gwada shi a ƙauyuka 600 da mutum kusan 21,000, aka wallafa a 2021 cewa shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100. Amma kada ki saya sai likita ya duba ƙodar Hajiya, domin ga mai raunin ƙoda, ko mai shan magungunan hawan jini irin su lisinopril, losartan ko spironolactone, fotasiyam kan taru ya rikita bugun zuciya. In ƙodarta lafiya take, wake, alayyafo, zogale, dankali, ayaba da lemo sun isa hanya.

Ruwa kuma nawa? Bayan likita ya sallame ta, ta bi ƙishirwarta, ta duba fitsari ya kasance ruwan ɗorawa mai haske, ba fari fat kamar ruwan famfo ba, ba kuma ja ba. Ga yawancin masu zaman gida wannan kan kama lita ɗaya da rabi zuwa biyu, a ƙara a watannin Maris zuwa Mayu. Sai dai a kula, jin ƙishi na raguwa da tsufa, don haka a lokacin zafi a ajiye mata ruwa kusa, a tuna mata, ba a ɗura mata ba. Wani abin sha'awa da aka gano a San Faransisko a 2016: jijiyoyin ƙishi na SFO suna lafawa tun ruwa na baki da maƙogwaro, kafin ya isa jini, kuma ruwan sanyi ya fi saurin kashe su. Mai buɗa-baki da ƙanƙara kan ji ya ƙoshi alhali jiki bai samu abin da yake nema ba. In Hajiya za ta yi azumi, ta ga likita tukuna a kan lokacin shan maganin fitsarin, sahur kuma ya zama mara gishiri, in ba haka ba mai gadin zai tashe ta da ƙishi tun hantsi. Wuri ɗaya ne dokar rage gishiri ba ta aiki: ranar da ta kamu da gudawa ko amai, a ba ta ruwan gishiri da sukari na ORS yadda aka rubuta a ledar, a kuma kira likita, don a irin ranar akan dakatar da maganin fitsari.

In kuna da na'urar awo a gida, ki yi haka mako guda kafin ki taɓa girki, ki sake bayan makonni shida. Ta zauna minti 5 a kujera, baya a jingine, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba goro ba shayi rabin awa kafin nan, kuma ta yi fitsari tukuna. A auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, da safe kafin magani da kuma dare, kwana 7. Ki watsar da na ranar farko ki fitar da matsakaicin sauran. A gida abin da ake so shi ne ƙasa da 135/85. In kin ga 180/120 ko sama tare da ciwon ƙirji, haki, dishi-dishi ko nauyin harshe, kada ki tsaya maimaitawa.

Game da shawo kan Hajiya, kada ki ce mata ƙawarta ta yi kuskure, za ta kare ta ne. Ki roƙi likita ya yi mata bayanin da kansa a gabanki, ya aje takardar wata biyu da suka wuce kusa da ta yau. Littafin awon kuma ki bar shi a hannunta, ita ta riƙa rubuta lambobin ko ta sa jika ya rubuta mata. In an samu sakamakon, ki sake rubuto mana da lambar sodiyam, ta fotasiyam da ta ƙoda, da sunan maganin da aka bar ta a kai.